Tarihin Lissafin Yaɗuwar Zafi

A shekarar 1822 Joseph Fourier, masanin lissafi ɗan Faransa, ya wallafa littafinsa kan yadda zafi ke ratsa abu mai tauri. Ƙa'idarsa daidai take, amma ba ta warwaruwa da alƙalami sai a kan siffofi masu sauƙi, irin sandar ƙarfe. Bangon tanderu ko jikin injin sun fi ƙarfinta. Dole aka koma ga kimantawa: a rarraba abin gida-gida, a yanka lokaci taki-taki, a fitar da zafin kowane gida daga na maƙwabtansa.

A ganina, abin da ya tuƙa wannan fanni shi ne neman hanyar hana kuskure hayayyafa. Dabarar da Lewis Fry Richardson ya kawo a 1910 ta yi kyau a takarda, daga baya aka gano ɗan kuskuren da ya shiga cikinta ninkuwa yake yi a kowane taki, har alƙaluman su haukace, wannan gida ya nuna zafi mai tsanani, na kusa da shi sanyi ƙarara. A 1928 Courant da Friedrichs da Lewy, a Gottingen ta Jamus, suka nuna cewa tsawon taki yana da iyaka da girman gida ke gindaya masa. Sai a 1947 John Crank da Phyllis Nicolson a Ingila suka fito da mafita: a haɗa zafin yanzu da na taki mai zuwa, a warware gidajen gaba ɗaya lokaci guda. Aikin kowane taki ya ƙaru, amma kuskure ya daina tumbatsa. A 1955 Peaceman da Rachford, masu aiki a kamfanin mai a Texas, suka sauƙaƙa lissafin fili ta hanyar bin tsawo da faɗi bi da bi.

Wani zai ce kwamfutar yau ta shafe wannan damuwa. Lissafin bai goyi bayansa ba. A hanyar kai-tsaye, wato fitar da sabon zafin kowane gida daga zafin maƙwabtansa na yanzu kawai, in aka raba girman gida biyu, dole a raba taki huɗu. Ga abu mai tsawo da faɗi da kauri, aikin ya ninka sau 32 ke nan. Gaskiya ne ita ma dabarar Crank da Nicolson takan yi rawa inda zafi ya sauya kwatsam, shi ya sa injiniyoyi da yawa kan fara da wasu 'yan takun da ke danne rawar kafin su koma gare ta.