Duhu a Matsayin Hujja: Nazarin Dabarun Ɗab'i na Faransisko Goya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Faransisko Goya (1746–1828) ya sarrafa dabaru biyu na ɗab'i da farantin jan ƙarfe, wato ecin da akwatint. Ra'ayin da take karewa shi ne, saƙon Goya ba ya rabuwa da hanyar da ya bi ya isar da shi, kuma duhun da ya shimfiɗa a takarda rabin maganarsa ne.

Gabatarwa

An haifi Goya a ƙauyen Fuendetodos, kusa da Saragosa a ƙasar Sifaniya. Ya zama mai zanen fadar Sarki Carlos na Huɗu a 1789, sannan shugaban masu zanen fada a 1799. Aikin fada aiki ne na biyan buƙatar mai gida: sarki ya zauna a zana shi, coci ta ba da bango a ƙawata mata. A kan farantin jan ƙarfe kuwa Goya ya sami filin da babu wanda ya sa shi, musamman bayan rashin lafiyar 1792 zuwa 1793 da ta bar shi kurma har ƙarshen rayuwarsa. Akasarin masu sha'awar waɗannan zane-zane kan tsaya ga abin da aka zana, wato mayu, limaman coci, jakuna da gawarwaki. Sai dai wanda bai san yadda asid ke cin ƙarfe ba, ya ga labarin ne kawai, bai ji muryar mai ba da shi ba.

Yadda Dabarun Suke

A ecin, ana shafe farantin jan ƙarfe da wani haɗin kaki da asid ba ya ci. Mai zane ya ɗauki allura ya yi zanensa a kan kakin, duk inda allura ta bi ƙarfe ya bayyana. A tsoma farantin cikin asid, ya ci wuraren da aka buɗe, ya bar kwari-kwari. A wanke kakin, a cusa tawada cikin kwarin, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a bi da su ta injin matsa. Abin da ke fitowa layi ne zalla. In ana son inuwa, sai dai a jera layuka kusa da juna ko a gitta su.

Akwatint ya zo ne don ya ba da inuwa ba tare da layi ba. Ana barbaɗa garin ƙaro a kan farantin, a ɗumama shi har ƙwayoyin su manne. Asid ya shiga tsakanin ƙwayoyin ya huda dubban ƙananan ramuka masu riƙe tawada. Inda ake son fari, a rufe shi da fenti mai kare ƙarfe tun kafin tsomawa. Inda ake son baƙi, a bar shi ya daɗe a cikin asid. Duk wanda ya taɓa kallon marina a Ƙofar Mata zai gane hikimar: inda aka ɗaure ya fito fari, kuma yawan tsomi shi ke ƙara duhu.

Bafaranshe Jean-Baptiste Le Prince ne ya daidaita wannan dabara a ƙarshen shekarun 1760, kuma an karɓe ta ne don kwaikwayon zanen burushi da tawada mai ruwa-ruwa. Galibi filaye da gine-gine da tufafin al'ummu ake bugawa da ita. Dabara ce ta ado da kwafi, haka Goya ya same ta.

Los Caprichos: Inda Duhu Ya Fara Magana

Goya ya duƙufa ga aikin allura a 1778, lokacin da ya kwafi zanen Velázquez da ke fada, yana kuma koyi da ayyukan masu zane Rembrandt da Tiepolo. Amma a Los Caprichos, jerin zane 80 da aka yi tallarsa a jaridar Diario de Madrid a Fabrairun 1799, ya nuna abin da zai iya. Ya raba aiki tsakanin dabarun biyu: allura ta zana mutum, garin ƙaro ya zana duniyar da mutumin yake ciki. Wannan duniya kuwa sau da yawa ba ɗaki ba ce, ba titi ba ce, wani fili ne mai toka-toka ko baƙi wanda ido ba ya iya auna zurfinsa.

A zane na 43, wanda ya fi kowanne suna, wani mutum ya kifa kai a kan tebur yana barci, mujiya da jemagu suna tasowa ta bayansa. Waɗanda ke kusa da shi haske ya same su, layinsu a fili yake. Na nesa kuwa sun narke cikin barbaɗen, har ba a sanin inda jemage ya ƙare da inda dare ya fara. Rubutun da ke jikin teburin, mai cewa barcin hankali kan haifi dodanni, shi kansa fari ne da aka tsare daga asid. Ke nan tsarin farantin ya riga rubutun faɗin maganar: hankali ɗan fili ne da aka killace, duhu kuma yana cin duk inda aka bari a buɗe.

Zane na 32 ya fi wannan ƙarfin hali. Wata matashiya ce zaune a kurkuku, fitila na rataye a sama, kuma babu layin allura ko ɗaya a farantin. Da matakan duhu kaɗai aka gina ta. Da Goya ya kewaye jikinta da layi, da ya raba ta da ɗakin. Da yake bai yi ba, sai ta zama an sassaƙo ta daga duhun da ya tsare ta, mai kallo ya ji ƙunci kafin ya tambayi laifinta.

Kasuwa ba ta karɓi jerin ba. Kwafi 27 aka sayar. A 1803 Goya ya miƙa wa sarki farantan da kwafi 240 da suka rage, a madadin kuɗin tallafi ga ɗansa Javier. Shi kansa ya ambata daga baya cewa an kai ƙararsa kotun coci mai binciken bidi'a.

Yaƙi da Yunwa: Sanin Lokacin Janye Hannu

Hujja mafi ƙarfi cewa akwatint a wurin Goya zaɓi ne na ma'ana ita ce inda ya rage amfani da shi. Bayan sojojin Napoliyon sun mamaye Sifaniya a 1808, ya fara jerin Los Desastres de la Guerra a 1810, faranti 82. Jan ƙarfe ya yi wuya, har ya yanka tsofaffin farantansa na zanen filaye ya yi aiki a bayansu. A sashen kashe-kashe ya fi dogara ga allura, da kartar ƙarfe kai tsaye, da shafa asid da burushi. Dalilin a bayyane yake. Mafarki yana son hazo, kisa kuwa yana son shaida. A zane na 15, an ɗaure mutum a jikin turke, an rufe masa ido, bakunan bindigogi sun leƙo daga gefen dama ba tare da an ga masu riƙe da su ba. Layi mai kaushi ya ishi wannan.

Da ya kai ga yunwar da ta auka wa Madrid a 1811 zuwa 1812, sai barbaɗen ya dawo. A zane na 50, maza uku na ɗauke da gawar wata mata, ƙaramar yarinya na biye tana kuka, duhu ya cinye fiye da rabin takardar. Yunwa ba ta da fuska kamar soja, don haka ya ba ta sarari maimakon siffa. Haka ya yi a La Tauromaquia na 1816, jerin zane 33 kan wasan bijimai, inda a zane na 21 ya tara bijimi da mutane masu gudu a gefe guda ya bar sauran benci fayau.

Ƙorafi da Amsarsa

Ana iya cewa wannan karatu ya ba dabara fiye da haƙƙinta. Farantan Goya ba su da tsafta irin ta ƙwararrun masu sassaƙa na zamaninsa: wani wuri asid ya zarce, wani wuri ƙwayoyin ƙaro sun yi gudaji. Ana iya ƙarawa da cewa mutane da yawa sun san shi ta hotunan littafi ne, kuma saƙon ya ratsa su duk da haka.

Ƙorafin farko gaskiya ne, amma kaushin yana cikin abin da ake yabo, domin santsi zai mayar da kurkuku abin ado. Na biyu kuwa tarihin farantan ne ke amsa shi. Ramukan akwatint ba su da zurfi, kowace matsa tana shafe su kaɗan. An ci gaba da buga Los Caprichos har 1937, kuma a bugun baya-baya baƙi ya koma toka mai kodewa, layuka sun tsaya tsirara. Mujiyoyin na nan, jakunan na nan, amma tsoron ya ragu, zanen ya koma kusa da barkwanci. Shi ma Los Desastres sai a 1863 Makarantar Fasaha ta San Fernando ta buga faranti 80 daga cikinsa, shekara 35 bayan rasuwar Goya a Bordo, kuma masu bugun sun bar siririyar tawada a saman farantan, abin da ya dusashe farin da ake gani a kwafin gwaji na hannunsa. In sauyin duhu yana sauya abin da mai kallo ke ji, to duhun yana ɗauke da ma'ana.

Kammalawa

Goya bai ƙirƙiri ecin ba, bai ƙirƙiri akwatint ba. Gudummawarsa ita ce ya ɗauki dabarar kwafi ya mayar da ita hanyar tunani, ya san inda zai zuba ta da inda zai janye. Wannan ya ɗora wa mai nazari wajibai biyu: ya tambayi wane bugu ne a gabansa kafin ya yanke hukunci, kuma ya karanta bayan zane da kulawar da yake ba mutanen da ke gaba. Nazarin da ya tsallake waɗannan zai iya faɗin abin da Goya ya zana, amma ba zai iya bayyana dalilin da ya sa zanen ke damun mai kallo ba.