Sallama da Iyali a Tarihin Sojojin Chadi

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Chadi ba ta da teku, amma sojan ruwa ne ya kafa babban birninta. Émile Gentil, hafsan sojan ruwan Faransa, ya isa Tafkin Chadi a 1897 cikin ƙaramin jirgi mai suna Léon Blot, wanda 'yan dako suka ɗauko gunduwa-gunduwa a ka kafin a harhaɗa shi. Bayan yaƙin Kusseri na 22 ga Afrilun 1900, inda Rabe da Kwamanda Lamy suka mutu rana guda, sai Gentil ya kafa sansani a gaɓar kogin Shari, ya sa masa suna Fort-Lamy. A 1973 aka mayar da sunan Njamena. Tun daga kafuwarsa garin yake sallamar maza zuwa fagen fama. Wannan maƙala ta dubi shirin da soja yake yi kafin ya bar iyalinsa, domin littattafan tarihi sun fi kula da ranar yaƙi fiye da daren da ya gabaci tafiya.

2.0 Tafiye-tafiye Uku

Ta farko ita ce ta Yaƙin Duniya na Biyu. A 26 ga Agustan 1940 Gwamna Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, Fort-Lamy ta zama matattarar dakaru. Rundunar Leclerc, mai mutum wajen 400, akasarinsu 'yan Afirka, ta ratsa hamada ta ci Kufra a Libiya ranar 1 ga Maris 1941. A Janairun 1943 dakarun sun kai Tarabulus. Wanda ya bar gida a lokacin bai san ko watanni zai yi ko shekaru ba, kuma wasiƙa sai an nemi mai rubutawa, a can gida a nemi mai karantawa.

Ta biyu ita ce ta Mali. A Janairun 2013 sojoji kusan 2,000 suka bi ta Nijar zuwa arewacin ƙasar. A gumurzun 22 ga Fabrairu cikin duwatsun Ifogas an rasa 26 daga cikinsu.

Ta uku ita ce ta Tafkin Chadi, inda ake yaƙi da Boko Haram, kuma a nan ne sojan ƙasa ya koma tamkar sojan ruwa, don ba a shiga tsibirai sai da kwalekwale. A harin Boma na 23 ga Maris 2020 an kashe sojoji kusan 100 a rana ɗaya.

3.0 Shirin Hannu

Ga Hausawan Njamena, sallamar doguwar tafiya ba baƙuwa ba ce. Kamar yadda John Works ya nuna a bincikensa na 1976, da yawa daga kakanninsu maniyyata ne da fatake da suka yada zango a hanyar Makka. Maniyyacin ƙafa yakan yi shekaru bai dawo ba, saboda haka akwai tsarin da aka gada, wanda soja Musulmi ya tarar.

Mataki na farko shi ne bashi: a biya wanda za a iya, a bayyana saura a gaban shaidu. Na biyu wasiyya, wadda shari'a ta taƙaita ga sulusin dukiya. Na uku ciyarwa, domin tafiya ba ta sauke wa miji nauyin ci da sha da muhalli. A da buhunan gero ake ajiyewa. A yau ana barin hanyar karɓar albashi da lambar waya. Na huɗu wakili, galibi wa ko ƙane, wanda zai tsaya idan rashin lafiya ko haihuwa ta zo.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin fiƙihu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta sanya wa matar wanda ya ɓace jiran shekara huɗu bayan ta kai ƙara, sannan ta yi takaba. Ke nan wanda ya tafi bai daidaita al'amuransa ba yana iya barin mace a rataye, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko.

4.0 Shirin Zuciya

Wannan ya fi wuya. Mai tafiya yakan durƙusa gaban mahaifa ya nemi gafara da albarka, ya bi maƙwabta su yafi juna, ya ba da sadaka, malam ya yi masa addu'a. Wasu har da laya da rubutun sha. Kunya da dauriya kan hana miji da mata bayyana abin da ke ransu a gaban jama'a, sai maganar ta taƙaitu ga "a kula da yara" da "Allah ya tsare". Wannan ƙarancin magana ba rashin damuwa ba ne. Hanya ce ta amsa yiwuwar mutuwa ba tare da an ambaci sunanta ba.

5.0 Kammalawa

Unguwar Lamaji tana bakin garin Njamena ta arewa, kuma a nan babbar maƙabartar Musulmin birnin take. Mazauna irin wannan wuri ba sa bukatar a tuna musu cewa tafiya iri biyu ce. Daga 1941 zuwa yau makamai sun sauya, wayar salula ta maye gurbin wasiƙa, amma tambayar da soja yake amsawa a daren ƙarshe ba ta sauya ba: idan bai dawo ba, wa zai riƙe gidan, kuma da me?