Sanda da Shawara: Tarihin Tsaron Gari daga Gazawa zuwa Gidan Rumji

A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da sunan Abdulkarim, ya baro Tasawa ya yada zango a Gazawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina. Gari ya tarar mai kafi da rami mai zurfi kewaye da shi, mutanensa kullum cikin shirin ko-ta-kwana. Kudu da garin daji ne da ayari ba ya shiga sai ya yi ɗamara, a cikinsa akwai kangon Ɗankama, inda sarautar Haɓen Katsina ta sha kashi a farkon jihadi. Dajin nan shi ne iyaka tsakanin Katsinar da ke biyayya ga Sakkwato da Katsinawan da suka ƙi mubaya'a, suka kafa Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa Tibiri kusa da ƴan'uwansu, a ƙasar da take yau cikin gundumar Gidan Rumji.

Ƙasar da aka kafa da gudun hijira da yaƙi ba ta wasa da maganar tsaro. Amma tambayar da ta fi damun mutanen wannan yanki, tun daga wancan zamani, ita ce ta mai sanda kansa: wa ya ba shi ita, wa ke ciyar da shi, wa kuma ke iya ce masa ya ajiye?

A tsohuwar sarauta amsar tana hannun majalisa. A Maraɗi akwai rukuni, wato Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, su ke zaɓen sarki, su ke ba shi shawara. A Tibiri akwai Tarar Gobir, ga kuma Inna, wadda maganarta ke da nauyi a fada. Dogarai bayin sarki ne ko barorinsa. Su ke kama ɓarawo, su tsare kasuwa, su kai saƙon fada ƙauye. A ƙauyen kuwa mai gari da dattawa ke shirya gadi, mafarauta su bi sawu idan an kore dabba. Kada mai karatu ya ɗauka zamanin adalci ne tsantsa, don dogari yakan ci kajin talaka ba da izini ba. Abin da ke akwai shi ne an san ubangidansa, an kuma san ƙofar da za a kai ƙara. Ranar da mai makami ya fi ƙarfin majalisa kuwa, ƙasa ta gani a jikinta: a shekarun 1890 Ƙaura Hasau ya zama shi ke naɗawa shi ke tuɓewa a Maraɗi, har Sarki Mijinyawa ya bar garin ya koma Tasawa, sarauta ta rabu biyu.

Zuwan Faransawa ya juya fuskar mai sanda. Ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar da wuta a 1899, kafin shugabanninsa su mutu kusa da Maijirgi a watan Yuli na shekarar. Bayan an shata iyaka da Ingilishi, aka yanka ƙasa kanto-kanto, aka ɗora kumandan bisa sarakuna. Sabon mai sanda shi ne gardi, mai jar hula, wanda albashinsa daga bariki yake fitowa, umurninsa daga bakin kumandan. A ƙarƙashin dokar ƴan ƙasa, kumandan yana da ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Dogari bai ɓace ba, sai dai aikinsa ya koma rakiyar gardi wajen karɓar haraji da kamun mutane don aikin dole. An soke waccan doka da aikin dolen a 1946, amma abin da ya shiga zuciyar talaka bai fita da sa hannu a takarda ba. Manomi ya riga ya koyi cewa ganin kaki a bakin gari ba alheri ba ne, kuma wanda ya kai ƙara bariki yakan dawo da hasara biyu. Duk wanda ke mamakin yadda mutanen karkara ke ɓoye labari ga jandarma, daga nan ya kamata ya fara bincike.

Mulkin Diori Hamani bai sauya wannan ba ƙwarai. Gardin kumandan ya zama gardin jamhuriya, jam'iyya ta ƙara nata idanu a kowane ƙauye. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, daga baya ya kafa majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har zuwa Yamai. Samariya ta gina ajujuwa, ta share gari, ta tarbi baƙi da kiɗa. Sai dai majalisun nan daga sama ake busa musu rai, aikinsu isar da magana ƙasa ya fi ɗaukar kuka zuwa sama yawa.

Ƴan banga daga Najeriya sunansu ya ƙetaro. Asalinsa kalmar Ingilishi ce mai nufin waɗanda ke gaban runduna, kuma da ita ake kiran samarin da jam'iyyun Arewa ke sawa gaba a tarukansu tun shekarun 1950. A garuruwan kudancin Nijar kalmar ta sami wata ma'ana: masu gadin dare da unguwa ko ƴan kasuwa ke haɗa wa kuɗi, su yi yawo da kulki da tocila da usur, wasunsu da layu da maganin ƙarfe. Sun yawaita lokacin da aljihun gwamnati ya bushe, albashi ya riƙa makara wata da watanni. Sun rage sata a wurare da dama, wannan gaskiya ne. Sun kuma doki mutanen da ba a tabbatar da laifinsu ba, kuma baƙo da makiyayi da yaron da ba shi da gata su suka fi shan kulki. Mai biyan kuɗin gadi shi ne mai faɗa a ji, wanda ba ya biya kuwa shi ake fara zargi.

Abin da ke faruwa idan jama'a ta ɗauki hukunci a hannunta, ba majalisa ba alƙali, ƙasar Gidan Rumji ta gan shi ranar 30 ga Oktoba 1991. A Toda rikicin manoma da makiyaya ya zama kisan gilla, aka hallaka Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. A daidai lokacin wakilan ƙasa na zaune a Yamai, kwanaki kaɗan kafin rufe babban taron ƙasa, suna tattauna ƴanci da dimokuraɗiyya. Waɗanda suka yi aika-aikar ba ƴan fashi ba ne da suka zo daga nesa. Maƙwabta ne, masu cin kasuwa ɗaya da waɗanda suka kashe. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta zo bayan wannan, da hukumomin kula da filaye waɗanda ke zaunar da sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da na makiyaya wuri guda, don shata burtali da makiyaya da mashaya. A wannan yanki, inda gona ta cinye daji har ba sauran saura, tsaron gari yakan fara ne daga sanin inda burtali ya bi da ranar da za a saki gonaki bayan girbi.

Zaɓen 24 ga Yuli 2004 shi ya haifi ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasa, kowace da majalisarta da magajin garinta. Agye da Caduwa da Gazawa da Gangara suka sami nasu, haka Gidan Rumji da Tibiri da Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa. Gazawa ta fita daga ƙarƙashin Agye ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Doka ta ba magajin gari alhakin kiyaye zaman lafiya da tsabta da tsari a ƙasarsa, kundin 17 ga Satumba 2010 ya sake tabbatar da haka. A lokacin sarakuna suna da kujera a majalisa, suna ba da shawara, ba su jefa ƙuri'a.

Nan ne gizo ke saƙa. An ba magajin gari alhaki, ba a ba shi sanda ba. Jandarma da ƴan sanda da gardi na gwamnatin tsakiya ne, kuma a gunduma prefe suke saurare. Sarki yana da dogarai da ikon sulhu, amma ba majalisa ta naɗa shi ba. Majalisa kuwa abin da ke hannunta a wancan lokacin haraji ne na tamma 700 kan kowane baligi a karkara, wato dala 140 a lissafin kasuwa, sai kuɗin rumfa da na dabbobi ranar cin kasuwa. Harajin ma masu gari ke tattaro shi, kuma a shekarar yunwa irin 2005 ba mai fuskar tambayar talaka. Saboda haka dangantakar majalisa da masu tsaro ta zama ta roƙo da taimako: a zuba wa motar jandarma mai don ta je sintiri, a ba masu gadin kasuwa ɗan abin goro, a tsare dabbar da ta yi ɓarna har mai ita ya biya. Kansila yana iya tambayar nawa aka kashe a mai. Ba ya da ikon tambayar me ya sa aka saki wane aka tsare wane. Ga kuma siyasa: mai gadin da magajin garin wannan jam'iyya ya ɗauka, ƴan waccan jam'iyya ba su ganinsa na kowa.

Abin sha'awa, misalin da ya fi kyau a yankin bai fito daga ofishi ba, daga gona ya fito, kuma kan itace ne. Bayan farin 1984 manoman jihar Maraɗi suka rungumi dabarar barin toho ya tashi a gona, a sassabe shi a rene shi har ya zama itace. Sai matsala ta ɓullo: mutum ya reni gawo ko kalgo shekara uku, wani ya zo da dare ya sare. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, inda aikin raya karkara mai tallafin asusun FIDA yake tun shekarun 1990, mutanen gari suka kafa kwamitin sa-ido. Suka sa manoma, suka sa mata, suka sa makiyaya Fulani, suka tsara ƙa'ida a bainar jama'a da tarar da za a ci wanda ya karya ta, ƴan kwamiti suna zagaya gonaki. Sanya makiyayi cikin masu gadi shi ne hikimar abin, domin mutumin da aka saba zargi ya zama mai shaida. Haka ma mata, tun da su ke neman itacen girki, sun fi kowa sanin wa ke shiga gonar wa. Dokar daji ta 2004 ta ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa kan itacen gonarsa. Kwamitin ba shi da kurkuku ba shi da bindiga. Wanda ya gagare shi sai a miƙa shi ga sarki ko ma'aikatan gandun daji. Ƙarfinsa shi ne kowa ya san wa ya zaɓe shi, kuma waɗanda suka zaɓa suna iya cirewa.

Sai dai ɓarawon itace daban, mai bindiga daban. Daga 2019 fitinar ƴan bindiga ta Zamfara da Sakkwato da Katsina ta kwararo kan iyaka. A watan Mayu na shekarar hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 20,000 da suka tsallako jihar Maraɗi cikin makonni kaɗan, kafin ƙarshen shekara adadin ya ninka, kuma ƙauyukan Gidan Rumji su suka ɗauki mafi nauyin kaya. Mutanen gari suka buɗe gidaje da rumbuna tun kafin wata ƙungiya ta iso. Daga baya aka matsar da wasu baƙin nesa da iyaka, zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Jikokin waɗanda suka gudo daga Gobir da Katsina shekara 200 da suka wuce su ne suka tarbi sababbin masu gudu daga ƙasashen nan. Ƴan bindigar ba su tsaya can ba, suka riƙa ƙetarowa suna kore shanu, suna sace mutane don kuɗin fansa, dajin Baban Rafi na Madarunfa ya zama abin ambato. Gwamnati ta tura sojoji da sunan Farautar Bushiya.

A irin wannan hali samari kan nemi a ba su bindiga, kuma da wuya a ce wa mutumin da aka sace wa mata ya yi haƙuri. Amma darasin yana ƙetaren iyaka: ƴan sa-kai na Zamfara sun fara da kare garuruwansu, suka koma kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, ramuwar gayya ta mayar da satar shanu yaƙi. Mutanen da ke tuna Toda ba su bukatar a fassara musu wannan. Shi ya sa aikin da ya rage wa majalisu da sarakuna shi ne mai wuyar gani: kwamitocin zaman lafiya, zaunar da arɗo da mai gari, neman a riƙa sanar da jami'an tsaro motsin baƙin fuska. Wannan na ƙarshe ya fi kowane wuya, domin mai ba da labari a ƙauye yake kwana, sojan da ya ba labarin kuwa gobe an ɗauke shi, kuma ƴan bindiga suna da masu kai musu rahoto cikin gari.

An sake zaɓen majalisu ranar 13 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sun ci gaba da zama na ƴan watanni, sai ranar 4 ga Afrilu 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta rusa su baki ɗaya, saura wata uku da ƴan kwanaki su cika shekara 20 da kafuwa. Aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe ƙananan hukumomi, da dama daga cikinsu sojoji ne ko ƴan sanda ko jandarma ko gardi. Sarakunan Tibiri da Agye da Gazawa da dogaransu, su dokar ba ta taɓa su ba.