Allon sola mai aiki da rini

A 1991 ne Michael Grätzel da Brian O'Regan suka bayyana wani sabon nau'in allon sola da ba ya buƙatar silikon. Grätzel, mai bincike a ƙasar Suwizalan, ya yi rajistar mallakar fasahar.

Ana shafa wa gilashi ƙwayoyin farin sinadarin titaniyam, waɗanda ido ba ya iya gani saboda ƙanƙanta, sannan a tsoma shi cikin rini. Rinin ne ke kama hasken rana, ƙwayoyin kuma su kwashe lantarkin.

Masana a jami'o'in Najeriya sun gwada rinin zoɓo da na lalle, irin waɗanda ake aunawa a kasuwar Shinkafi. Suna ba da wuta, sai dai kaɗan ce ƙwarai, kuma rana na saurin kashe launinsu.