Zanen Siginar Dogo da Rabon Damagaram

Damagaram ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, amma dogo ya daɗe yana juya arzikinta. Ya iso Kano a 1911, shekarar da Faransawa suka mai da Zinder, babban birnin Damagaram, hedikwatar mulkinsu a Nijar, kuma kafin su ɗauke ta zuwa Yamai a 1926 fataucin Sahara ya riga ya durƙushe, 'yan kasuwa sun juya akala kudu. Gyaɗar Matameye da Magariya Kano take gangarawa, a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. A 1930 aka kai reshe har Nguru, amma bai tsallake iyaka ba. Shi ya sa mu 'yan yankin da muka faɗa sana'ar zanen dogo a Nijeriya muka koyo ta.

Zanen sigina dabam yake da taswira. Doguwar takarda ce da ake miƙe layin a kanta ɗoɗar, ko da a ƙasa ya yi ta lanƙwasa, sannan a sa wa kowace sigina, kowace makarkatar dogo da kowace mahaɗar hanya lambar kilomitarta. A tsohon layi mai faɗin milimita 1,067 abin da sauƙi. Layi ɗaya ne, direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa sandar izini, sigina kuwa hannun ƙarfe ce da ake ja da waya. Duk da haka dattawan da suka koya mana sun sha wuya. Safiyo zai dawo daga daji da littafinsa cike da alƙaluma, mai zane ya kwashe su da tawada a kan takarda mai shara-shara, in layi ya karkace ya kankare da reza a hankali kada ta huje. Ɗakin buga kwafi kuwa warin amoniya har ido yake sa wa hawaye. Babban abin tsoro shi ne a matsar da sigina ɗaya, don sai an bi zanen tasha, da na wayoyi, da jadawalin da ke hana a buɗe wa jirage biyu hanya guda, an gyara kowanne da hannu.

AutoCAD ta fito a 1982, ta shigo ofisoshinmu sannu a hankali. A ganina alƙalami kawai ta canja mana. Zane ya yi tsabta, gyara ya yi sauri, amma kwamfutar ba ta san cewa wannan 'yar da'irar sigina ce ba. Canjin gaske ya zo ne da manhajoji irin OpenRail ta kamfanin Bentley da ProSig ta Jamus, da tsarin musayar bayanai na railML da aka fara a 2002. Yanzu awon fili da GPS ake yi, da jirgi maras matuƙi, da na'urar leza mai kwaso miliyoyin ɗigo. Manhaja ta fitar da tsakiyar layi da hawansa da gangarensa, sigina kuma ta zama abu mai sanin wurinsa. Ka ja ta mita talatin gaba, nan take allo ya yi ja, ya nuna maka cewa a wannan gangaren jirgi mai kaya ba zai tsaya kafin ya kai makarkata ba, tsawon waya ma ya gyara kansa a jadawali. Jirgi mai gudu yakan ci kilomita guda ko fiye kafin birki ya tsayar da shi, don haka lissafin nan na rai ne.

Sai dai manhaja abin da aka ba ta take ci. Tsofaffin taswirorin Nijeriya a kan ma'aunin Minna aka gina su, GPS kuwa da ma'aunin WGS84 take aiki, kuma tsakaninsu a arewa akwai tazarar da ta haura mita hamsin. Wanda ya haɗa su bai daidaita ba, zai dasa sigina a gonar wani. A ɓangarenmu, taswirorin da Faransawa suka bari yawanci 1:200,000 ne, wato milimita ɗaya a takarda mita 200 ce a ƙasa. Sun isa neman gari, ba su isa dasa turke ba. Iyakar kanta tawagar haɗin gwiwa ta Faransa da Ingila, ƙarƙashin Tilho da O'Shee, ce ta shata ta tsakanin 1906 da 1908, kowane ɓangare kuma ya ci gaba da awonsa shi kaɗai.

Wannan saɓanin awo ya daina zama zancen ofis tun da aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilar layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, kimanin kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Akwai abubuwan ƙasarmu da babu manhajar da aka rubuta a Turai ta san su. Burtalin da Fulani ke bi da shanu sau biyu a shekara ba ya cikin taswira, kuma hoton da aka ɗauka daga sama da rani ba lalle ya nuna shi ba. Koramar da ta bushe ƙayau a watan Maris ita ce ke cin gindin akwatin waya a Agusta. Manhaja za ta ce direba zai hango sigina daga nesa kaza, ba ta san hazon hunturu ba, ba ta san yadda rairayi ke cika makarkata cikin dare ɗaya ba. Waɗannan sai an zauna da mai gari da ardo an tambaya, sannan a shigar da su da hannu.

Abin da ke damuna shi ne Daura. Daga can zuwa Zinder ta Kongolam da Matameye tafiya ce gajera, kuma matatar man SORAZ ta Zinder tana aiki tun 2011, ga dabbobi da wake da aka saba kaiwa kudu. In aka tashi jan reshe daga Daura zuwa Zinder, wanda ke riƙe da bayanan fili shi zai yanke inda tasha za ta zauna da inda shanu za su tsallaka. Ɗaliban Jami'ar Zinder za su iya fara tattara burtalai da koramun wannan hanya tun yau da manhajar QGIS, wadda kyauta ce, tare da hukumar taswira ta ƙasa, IGNN. Akwai kuma batun faɗi da ya kamata hukuma ta warware tun kafin a ja layin farko. Dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso milimita 1,000 ne, wanda ke tahowa daga Kano kuwa 1,435, kuma jirgin ɗaya ba zai hau ɗayan ba.