Turken Jirgin Ruwa: Yadda Sarƙa Ta Kori Igiya, Igiya Kuma Ta Dawo

Duk manomin da ya taɓa ɗaure sa a gefen gonar rake a Makarfi ko Kudan ya san abu biyu game da turke. Na farko, jan gefe ba ya fitar da turke. Mai son cire shi sama yake fizgarsa. Na biyu, gajeriyar igiya ce ke sa dabba ta tumɓuke turke, domin da zarar ta ɗaga kai sai jan ya koma sama, kuma babu ragowar igiyar da za ta shanye fizgar. Tsakanin Makarfi da teku akwai ɗaruruwan kilomita, amma wannan ilimin ne masu jiragen ruwa suka shafe ƙarnuka suna saye da dukiya da rayuka. Anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya, ita ce turken jirgi. Abin da ya haɗa ta da jirgin, igiya ko sarƙa, shi ke sa ta riƙe, ko ta saki cikin dare jirgi ya faɗa kan duwatsu.

Zamanin igiya

Sarƙa ba sabuwar dabara ba ce. A shekara ta 56 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Julius Kaisar ya yaƙi mutanen Veneti a gaɓar arewa maso yammacin Faransa ta yau, kuma ya rubuta cewa da sarƙar ƙarfe suke ɗaure ankarsu. Sai dai ƙarfe ya yi tsada, ƙirarsa kuma ba ta da tabbas, don haka igiya ta ci gaba da mulkin teku har farkon ƙarni na 19.

Igiyar Turawa daga ɓawon wani tsiro ɗan'uwan tabar wiwi ake tufka ta, kamar yadda ake tufka igiyar rama a ƙasar Hausa, sannan a shafe ta da kwalta. Bambancin yana ga girma. A ma'aikatar jiragen yaƙi ta Chatham a Ingila, zauren tufka kaɗai ya haura mita 300 a tsawo. Igiyar ankar manyan jiragen yaƙi ta kai kaurin cinyar ƙato, janyo ta kuma kan buƙaci mutum sama da ɗari suna juya na'ura. Ga ta da jiƙa, ga ruɓa idan aka ajiye ta ba ta bushe ba, ga duwatsun ƙasan teku suna cin ta a inda ido ba ya gani.

Akwai kuma matsalar siyasa. Yawancin zaren daga Rasha Ingila ke sayo shi. Da Rasha ta ƙulla yarjejeniyar Tilsit da Napoleon a 1807, sai Ingila ta ga cewa abin da ke riƙe da jiragenta yana hannun abokin maƙiyinta.

Shigowar sarƙa

A wannan yanayin ne wani hafsan sojan ruwa, Samuel Brown, ya yi rajistar sarƙar jirgi a 1808, ya kuma gwada ta a jirgin Penelope a wata tafiya zuwa tsibiran Karebiyan. Kamfanin da ya kafa, Brown Lenox, ya shafe kimanin ƙarni guda yana sayar wa rundunar ruwan Ingila sarƙa.

Ƙarfinta kaɗai bai isa ya bayyana nasararta ba. Nauyinta ne ya yi babban aikin. Sarƙa ba ta miƙewa sambal daga jirgi zuwa anka. Takan lanƙwasa, kashi mai yawa nata ya kwanta a ƙasan ruwa. Saboda haka jan yakan iso wa anka ta gefe, irin jan da ba ya fitar da turke. Idan iska ta turo jirgi, sai ta fara ɗaga wannan nauyin kafin ƙarfinta ya kai ga anka.

Amma sarƙa tana da aibin da igiya ba ta da shi: zobe ɗaya da maƙeri bai haɗa da kyau ba ya isa ya salwantar da jirgi, kuma ba a gane shi da ido. Wannan ya sa majalisar Birtaniya ta yi doka a 1864 kan gwajin sarƙa da anka kafin a sayar. Sana'ar ta taru a garuruwan maƙera na tsakiyar Ingila. Daga Netherton ne kamfanin Hingley ya fitar da babbar ankar Titanic a 1911, dawaki 20 suka ja ta zuwa tashar jirgin ƙasa. A maƙwabciyarta Cradley Heath kuwa, matan da ke ƙera ƙananan sarƙoƙi a bayan gidajensu sai da suka yi yajin aiki na mako 10 a 1910 kafin su sami mafi ƙarancin ladan da doka ta yanka musu.

Garma da nailan

Ƙananan jiragen filafilai, waɗanda iska ke kaɗawa, irin da mutum biyu ko uku ke yawon teku da su, ba za su iya ɗaukar nauyin manya ba. Wani masanin kimiyya na Jami'ar Cambridge, Geoffrey Taylor, wanda shi ma yana da irin wannan jirgi, ya ƙirƙiro anka mai suna CQR a 1933. Manomin Ikara zai gane ta da kallo ɗaya, domin siffar garmar shanu gare ta: idan aka ja ta a kwance sai ta nutse cikin ƙasa, idan aka ɗaga sai ta fito. Mara nauyi ce, amma riƙonta kacokan ya dogara ga jan gefe.

Daga nan igiya ta dawo da sabuwar kama. Kamfanin DuPont na Amurka ya samar da nailan a 1935, yaƙin duniya na biyu kuma ya yaɗa shi, musamman bayan Japan ta mamaye Filifin a 1942 ta datse zaren Manila. Igiyar nailan ba ta ruɓa kamar ta da, kuma tana talewa ta dawo. Wannan talewar ce sarƙa ta rasa. A iska mai tsanani sarƙa kan miƙe tsaf kamar sanda, lanƙwasar ta ɓace, kowace igiyar ruwa ta zama fizga kai tsaye a kan anka da goshin jirgi.

Abin da ake yi yau

Mai ƙaramin jirgi a yau yana zaɓe ne tsakanin aibi biyu. Sarƙa mai kaurin milimita 10 tana da nauyin kilo biyu da ɗoriya a kowace mita, wato mita 50 sun haura kilo 100 a goshin jirgi, abin da ke sa shi dungure kai cikin ruwa. Igiya ba ta da nauyi, amma dutse ko murjani na iya yanke ta a dare ɗaya. Masu tsayawa a wuraren yashi da taɓo sukan sa 'yan mitoci na sarƙa kusa da anka, sauran igiya. Masu doguwar tafiya zuwa tekun murjani sukan ɗauki sarƙa zalla, sannan su maƙala mata guntun nailan daga jirgi don ya shanye fizga.

Tsawon da ake saki shi ne dokar turke da kanta. Abin da aka saba shi ne ninki huɗu zuwa biyar na zurfin ruwa idan sarƙa ce, ninki bakwai idan igiya ce, a ƙara idan hadari ya taso. Zurfin kuma ana lissafa shi ne da lokacin cikar teku, haɗe da tsayin goshin jirgi daga ruwa. Ana yi wa sarƙa alamar fenti don a san abin da aka saki. Ana wanke ta da ruwan daɗi, a juya kanta zuwa ƙarshenta bayan 'yan shekaru don kada gefe ɗaya ya cinye, a duba igiya a inda take gogar ƙarfe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata ƙa'ida ta ƙarshe da tsofaffin matuƙa ba sa wasa da ita. Ƙarshen sarƙa ba a ɗaure shi a jikin jirgi da ƙarfe. Da guntuwar igiya ake ɗaure shi, mai tsawon da za ta fito fili. Ranar da anka ta maƙale a dutse kuma iska ke tura jirgi gaɓa, wuƙa ce kawai za ta raba su, wuƙa kuwa ba ta yanka sarƙa.