Fugu: Kifi mai guba da Japanawa ke marmari

A watan Janairun shekara ta 2018, hukumomin birnin Gamagori da ke tsakiyar ƙasar Japan sun kunna lasifikokin da aka tanada domin gargaɗin jama'a idan wani bala'i ya taso.

Sanarwar wannan rana a kan kifi aka yi ta. Wani kanti ne ya sayar da ƙunshi biyar na kifin fugu ba tare da an cire hantarsa ba, kuma hukumomi na roƙon waɗanda suka saya da kada su kai shi baki.

Duk da irin wannan haɗari, fugu na daga cikin abincin da ya fi daraja da tsada a Japan.

Wane irin kifi ne fugu?

Fugu sunan da Japanawa ke kiran dangin kifin nan ne da ke cika cikinsa da ruwa ya kumbura idan ya ji tsoro. Ɗan uwa ne ga talibambam, wanda masunta suka sani a kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, sai dai na Japan a teku yake rayuwa.

Wanda ya fi kowanne tsada shi ne torafugu. An fi cinsa da hunturu, daga watan Oktoba zuwa Maris.

Ina gubar take?

Gubar, wadda wani masanin Japan mai suna Yoshizumi Tahara ya raɗa wa suna tetrodotoxin a 1909, ta fi taruwa a hanta da ƙwan kifin, a wasu nau'o'in har da fata da hanji.

Abin da bai wuce miligiram 2 ba na iya kashe babban mutum. Dafuwa ba ta lalata ta, haka ma sanyaya kifin a cikin ƙanƙara.

Gubar kan toshe hanyar da jijiyoyi ke aika saƙo ga tsoka. Daga minti 20 zuwa sa'o'i uku bayan an ci, leɓe da harshe kan yi dundurus, daga nan sai gaɓoɓi su mutu, numfashi ya gagara, alhali sau da yawa mutum na cikin hayyacinsa.

Har yanzu babu makarinta. Abin da likitoci ke yi shi ne sanya wa majinyaci na'urar taimaka wa numfashi har jikinsa ya fitar da gubar.

Yaushe aka fara cinsa?

Ƙasusuwan fugu da aka tono a jujin mutanen dā sun nuna cewa an fi shekara 2,000 ana cin kifin a tsibiran Japan.

A ƙarshen ƙarni na 16, Toyotomi Hideyoshi, wanda ke riƙe da ragamar ƙasar, ya haramta cinsa, bayan da wasu dakarun da ya tara domin yaƙin Koriya suka mutu sakamakon cin kifin.

A 1888 ne firayim ministan Japan na farko, Hirobumi Ito, ya sa aka ɗage haramcin a lardin Yamaguchi, bayan ya ɗanɗana kifin a gidan abinci na Shunpanro da ke birnin Shimonoseki.

Har gobe Shimonoseki ce cibiyar cinikin fugu. A kasuwarta ta Haedomari, dillali da mai saye kan zura hannu cikin wata jakar ƙyalle su yi ciniki da yatsu, ba tare da na kusa ya ga farashin ba.

Mutanen birnin na kiran kifin fuku, kalmar da ke nufin sa'a. Mutanen Osaka kuwa teppo suke ce masa, watau bindiga, domin wanda ta samu ya tafi.

Yaya ake cinsa?

A gidajen abinci akan kawo shi ne kashi-kashi. Akan soma da ɗanyen naman, wanda ake yankawa shara-shara har ana hango zanen faranti ta cikinsa, a jera shi kamar fure. Ana tsoma shi a ponzu, wani romo mai tsami na waken soya da ruwan lemo.

Daga nan sai soyayye, sannan farfesun da ake dafawa a gaban baƙi tare da ganye. A ƙarshe a zuba shinkafa da ƙwai cikin ragowar romon.

Naman fari ne, mai ɗan tauri, ba shi da maiƙo ko ƙarni. A manyan gidajen abinci, cin mutum guda kan haura yen 10,000.

Wa aka yarda ya gyara shi?

Lardin Osaka ne ya fara kafa doka a kan sana'ar a 1948, Tokyo ta biyo baya a 1949. Kowane lardi ke tsara ƙa'idar ba da lasisinsa.

Jarrabawar kan ƙunshi rubutu, da tantance nau'o'in kifin, da feɗe shi a gaban alƙalai tare da ware sassan da ke da guba. Waɗannan sassa a cikin mazubi mai makulli ake ajiye su kafin a ƙona.

A 1983 ma'aikatar lafiya ta fitar da jerin nau'o'in da aka amince a ci, da sassan da suka halatta a kowanne. Hanta ba ta cikin jerin.

Kafin wannan lokaci, hantar ta yi sanadin mutuwar shahararren ɗan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki, Bando Mitsugoro na Takwas, wanda ya ci ta a birnin Kyoto a watan Janairun 1975.

Har yanzu yana kisa?

A shekarar 1958 kaɗai mutum 176 ne suka mutu. A yanzu mace-macen ba su taka kara sun karya ba, wasu shekarun ma ba a rasa rai ko guda.

Alƙaluman ma'aikatar lafiya na nuna cewa akasarin waɗanda gubar ke kamawa, mutane ne da suka kamo kifin ko aka ba su kyauta, suka gyara da kansu a gida. Ba kasafai ake samun hakan a gidajen abinci masu lasisi ba.

Masu bincike a Jami'ar Nagasaki sun nuna cewa kifin na tara gubar ne daga abin da yake ci a teku, kuma wanda aka kiwata da abinci mai tsabta kan tashi kusan babu ita.

A kan haka ne lardin Saga ya nemi a ba da izinin sayar da hantar kifin kiwo, amma hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar ba ta amince ba, a 2005 da kuma 2017.

Wani sabon abin damuwa shi ne ɗumamar teku, wadda ke tura kifin zuwa arewa, inda nau'o'i daban-daban ke barbarar juna. Irin waɗannan ruwa-biyun na da wuyar ganewa ko ga ƙwararru, kuma doka ta hana sayar da duk kifin da ba a tantance nau'insa ba.